Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido: Rayuwar haƙuri da jirgin da bai isa Sakkwato ba

Da hantsin ranar Lahadi 29 ga Oktoban 2006, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar Sallah, ana dakon jirgin kamfanin ADC a filin jirgin sama na Sakkwato, filin da ke ɗauke da sunan Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Babban fasinjan da ke cikin jirgin ɗan mai sunan filin ne, wato Sarkin Musulmi na 19, Alhaji Muhammadu Maccido, wanda ke kan hanyar komawa gida daga Abuja. Jirgin bai cika minti biyu a sama ba ya faɗo cikin wata gona a ƙauyen Tungar Madaki da ke gefen filin jirgin Abuja. Cikin mutum 105 da ya ɗauko, 96 sun riga mu gidan gaskiya, har da Sarkin da ɗansa da jikansa.

Mutane da yawa a ƙasar Hausa, daga Sakkwato zuwa Birnin Ƙonni da Maraɗi har zangunan Ghana, da wannan rana suke tuna Maccido. Sai dai kafin ranar ya yi kusan shekara 80 a duniya, ya yi aiki ƙarƙashin Turawan mulkin mallaka da Sardauna da gwamnatocin soja da na farar hula, aka ba shi sarauta aka karɓe cikin kwana uku, ya jira shekara kusan takwas kafin ta dawo hannunsa.

Ɗan gidan Bello

An haifi Muhammadu Maccido a ƙasar Dange, kusa da birnin Sakkwato, a ƙarshen shekarun 1920, lokacin mahaifinsa Abubakar bai hau gadon sarauta ba. Gidansu gidan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ta wajen Sarkin Musulmi Mu'azu. Sunan Maccido kuwa daga Fulatanci ya samo asali, ma'anarsa bawa. Al'ada ce da Fulani da Hausawa suka sani: idan 'ya'ya suna mutuwa a gida tun suna jarirai, akan laƙaba wa wanda ya zo baya suna irin wannan, kamar yadda Hausawa ke kiran yaro Bawa ko Ajuji, da fatan Allah ya raya shi. Allah kuwa ya raya shi.

Yana ɗan shekara goma ko kusa da haka aka naɗa mahaifinsa Sarkin Musulmi a watan Yunin 1938. Sarki Abubakar na Uku ya shekara 50 a kan mulki, don haka kusan duk ƙuruciyar Maccido da girmansa a inuwar wannan doguwar sarauta ya yi su. Ya taso a fada yana ganin yadda ake sauraron ƙara da yadda ake sasanta masu husuma. Bayan karatun allo da na ilimi, ya yi karatun boko a Sakkwato da Zariya, sannan a farkon shekarun 1950 ya tafi Ingila ya yi kwas a wata kwaleji da ke yankin Devon.

Daga En'e zuwa gwamnatin jiha

Da ya dawo gida sai ya shiga aikin En'e ta Sakkwato, wadda a lokacin tana cikin mafiya girma a Jihar Arewa. Ya riƙe sarautar Sarkin Kudu, sunan da mutanen Sakkwato suka fi saninsa da shi shekaru da dama. Ya wakilci ƙasarsa a Majalisar Dokokin Arewa da ke Kaduna, ya kuma zama kansila a majalisar En'e, inda ya kula da sassan ayyuka da raya karkara da aikin gona a lokuta daban-daban.

Ƙarshen shekarun 1950 lokaci ne na zafin siyasa. Jam'iyyar NPC ta Sardauna Ahmadu Bello da NEPU ta Malam Aminu Kano suna fafatawa, kuma a garuruwan ƙasar Zamfara gardama kan kai ga sanda da jifa. Maccido na cikin waɗanda fada ke turawa su kwantar da tarzoma. Irin wannan aiki ya sake faɗo masa a 1966, shekarar da aka kashe Sardauna ranar 15 ga Janairu, Arewa ta ɗauki zafi. Masu rubuta tarihinsa sun ruwaito cewa da wani gungun fusatattu ya nufi cocin Katolika na Sakkwato da niyyar rusa shi, Maccido na cikin manyan gari da suka tare su a hanya, suka lallashe su har suka watse.

Bayan Janar Yakubu Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma ƙarƙashin Gwamna Usman Faruk, Maccido ya zama kwamishina, ya riƙe ma'aikatar gona sannan ta lafiya. A Jamhuriya ta Biyu, tsakanin 1979 da 1983, Shugaba Shehu Shagari ya sanya shi jami'in tuntuɓa na fadar shugaban ƙasa a Sakkwato. Da tsufa da rashin lafiya suka kama mahaifinsa a tsakiyar shekarun 1980, sai ya tattara ya koma kusa da shi, ya shiga cikin 'yan majalisar da ke tafiyar da al'amuran masarauta.

Sarautar kwana uku

Sarki Abubakar na Uku ya rasu ranar 1 ga Nuwamban 1988. Ranar 3 ga wata aka sanar cewa masu zaɓen sarki sun tsayar da Muhammadu Maccido, gari ya ɗauki murna, mutane suka fara tururuwar mubaya'a. Ranar 6 ga wata sai gwamnatin soja ta jihar, ƙarƙashin Kanar Ahmed Daku, ta bayyana Alhaji Ibrahim Dasuƙi, Baraden Sakkwato, a matsayin Sarkin Musulmi na 18. Dasuƙi ɗan gidan Buhari ne, wani ɗan na Shehu Usmanu, tsohon ma'aikacin gwamnati kuma hamshaƙin ɗan kasuwa mai kusanci da shugaban ƙasa na lokacin, Janar Ibrahim Babangida.

Talakawan Sakkwato ba su karɓi wannan sauyi ba. An kwashe kwanaki ana tarzoma, aka ƙona gidaje da motoci, aƙalla mutum 10 suka rasa rayukansu. Mutumin da ya saba shiga tsakanin masu faɗa, yau ga shi a kansa ake faɗan. Da ya ga dama ya hura wutar, yana da jama'ar da za su amsa. Bai yi haka ba. Ya koma gidansa ya zauna, bai sauka daga ganin cewa shi aka zaɓa ba, bai kuma tura kowa kan titi ba. Shekarun da suka biyo baya ba su zo masa da sauƙi ba ta fuskar abin hannu, amma mutanen gari ba su daina zuwa gaishe shi ba.

Ranar 20 ga Afrilun 1996, a zamanin Janar Sani Abacha, kantoman jihar Kanar Yakubu Mu'azu ya sanar da tuɓe Dasuƙi bisa zarge-zargen da suka haɗa da ƙin bin umarnin gwamnati da fita ƙasarsa ba izini. Aka ɗauke shi a jirgi zuwa Yola, daga nan aka kai shi Jihar Taraba inda aka tsare shi. Washegari aka naɗa Maccido. Hannun soja ne ya hana shi sarauta a 1988, hannun soja ne kuma ya buɗe masa ƙofa a 1996, abin da ya nuna wa kowa matsayin da sarautun gargajiya suka tsinci kansu a ciki. Wata biyar da 'yan kwanaki bayan naɗinsa, a ranar 1 ga Oktoban 1996, aka yanke Jihar Zamfara daga Sakkwato, ƙasar da ke ƙarƙashin fadarsa kai tsaye ta ƙara raguwa.

Shekara goma a kan karaga

Sarkin Musulmi shi ne shugaban Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci a Nijeriya, shi ne kuma shugaban Jama'atu Nasril Islam. Shi ke sanar da ganin watan azumi da na Sallah ga miliyoyin Musulmi. Shekarun da Maccido ya yi yana riƙe da waɗannan muƙamai sun zo daidai da lokacin da ƙasar ta fi fama da rikicin addini.

A 1999 mulki ya koma hannun farar hula, a watan Oktoba na shekarar Gwamna Ahmad Sani Yarima ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Zamfara, jihohin Arewa da dama suka bi sahu. A watan Fabrairun 2000 rikici ya ɓarke a Kaduna, aka yi asarar rayuka masu yawa. A Nuwamban 2002 aka sake wani a kan gasar sarauniyar kyau ta duniya, a 2004 kuma aka yi na Yelwan Shandam a Jihar Filato da ramuwar gayya a Kano. Tun a 1999 aka kafa majalisar tuntuɓar juna tsakanin addinai ta NIREC, Maccido ya shugabance ta tare da shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN na lokacin, Sunday Mbang. Wasu matasa masu zafin ra'ayi sun riƙa ganin ya cika sanyi, sai dai a duk lokacin da wuta ta tashi, kiran da ke fitowa daga fadarsa na a mayar da wuƙa kube ne.

Batun rigakafin shan inna ma ya gwada shi. A 2003 jihohin Kano da Zamfara da Kaduna sun dakatar da allurar saboda jita-jitar cewa an gurɓata ta da maganin hana haihuwa. Cutar ta samu sarari ta tsallaka iyaka, ta ɓulla a ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, ciki har da Ghana, daga baya ta kai har Yaman da Indunusiya. Bayan gwaje-gwajen da kwamitocin gwamnati da na malamai suka gudanar, Sarkin, wanda ya taɓa zama kwamishinan lafiya, ya tsaya tare da masu cewa a bar yara su karɓi ɗigon. Kano ta koma yin rigakafin a watan Yulin 2004. A wannan shekarar ce kuma ya jagoranci bikin cika shekara 200 da kafa Daular Usmaniyya, daular da mai kafa ta aka haife shi a Maratta, cikin Jamhuriyar Nijar ta yau.

Hanyar Sakkwato da tarihin haɗurra

Kafin 2006 mutanen Sakkwato sun riga sun san ɗacin haɗarin jirgin sama, na soja da na farar hula. Ranar 1 ga Maris 1978 wani jirgin Nigeria Airways ƙirar Fokker F28 da ya taso daga Sakkwato ya yi karo da jirgin yaƙi ƙirar MiG-21 na sojojin saman Nijeriya lokacin da yake shirin sauka a Kano, filin da jiragen soja da na fasinja ke amfani da shi tare. Mutum 18 suka mutu a jiragen biyu. A ƙarshen watan Yunin 1991 wani jirgin Okada Air da rashin kyawun yanayi ya hana shi sauka a Kano ya karkata zuwa Sakkwato, mai ya ƙare masa, ya faɗo a bayan gari.

Mako biyu bayan wannan, ranar 11 ga Yulin 1991, aka yi mafi muni. Jirgin DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda Nigeria Airways ta yi hayarsa don kwaso alhazai daga Jidda zuwa Sakkwato, ya tashi da tayoyin da iskarsu ba ta cika ba. Bincike ya gano cewa an san da matsalar, amma aka ƙi tsayawa a gyara don kada jirgi ya makara. Tayoyin suka fashe a kan titin tashi, suka kama wuta, matuƙa ba su sani ba suka naɗe su cikin jirgi. Duk mutum 261 da ke ciki suka rasu kafin jirgin ya iya komawa filin Jidda.

Shekara guda kafin rasuwar Maccido kuwa, Nijeriya ta shiga jerin haɗurran da suka girgiza ta. Ranar 22 ga Oktoban 2005 jirgin Bellview ya faɗi a ƙauyen Lisa bayan tashinsa daga Legas, mutum 117 suka mutu. Ranar 10 ga Disamba jirgin Sosoliso ya tarwatse a filin Fatakwal cikin hadari da iska, sama da mutum 100 suka mutu, kusan 60 daga cikinsu ɗaliban makaranta guda ne masu komawa gida hutu. Ranar 17 ga Satumban 2006 jirgin soja ƙirar Dornier 228 da ya ɗauko manyan hafsoshi daga Abuja zuwa Obudu ya faɗi a kan wani tsauni a Jihar Binuwai, mutum 13 suka rasu, galibinsu janar-janar. Shi kansa kamfanin ADC a watan Nuwamban 1996 jirginsa ya faɗa cikin ruwa a Ejirin kusa da Legas da mutum 144.

Abin da ya faru ranar Lahadi

Jirgin da Sarkin ya shiga ƙirar Boeing 737-200 ne, an ƙera shi a 1983. Ya taso daga Legas, ya yada zango a Abuja ya ɗauki fasinjojin Sakkwato. Lokacin ƙarshen damina ne, hadari ya haɗo a kan filin da ruwa da iska mai kaɗawa da ƙarfi. Masu kula da zirga-zirgar jirage sun sanar da matuƙa ƙarfin iskar. Matuƙin wani jirgi na kamfanin Virgin Nigeria ya ce zai dakata har yanayi ya lafa. Na ADC ya nemi izinin tashi, aka ba shi, da misalin ƙarfe 11:30 na safe.

Abin da jirgin ya ci karo da shi shi ne juyin iska na farat ɗaya, wanda kan zo a ƙarƙashin gajimaren hadari. Iska kan sauko da ƙarfi daga sama ta bugi ƙasa ta bazu ko'ina. Jirgin da ya shiga cikinta zai fara jin iska na bugunsa ta gaba, abin da ke ƙara masa ƙarfin ɗagawa, sai nan take ta koma tura shi ta baya, ƙarfin da ke riƙe fikafikansa ya zube alhali bai yi nisa da ƙasa ba. Akwai ƙa'idar da ake koya wa matuƙa ta kuɓuta daga wannan tarko: a ba injuna cikakken ƙarfi, a ɗaga hancin jirgi daidai gwargwado ba tare da wuce iyaka ba. Rahoton hukumar binciken haɗurran jiragen sama ta Nijeriya ya nuna cewa an ɗaga hancin wannan jirgi fiye da kima, fikafikai suka kasa riƙe shi, ya karkata hagu ya daki ƙasa ya kama da wuta. Rahoton ya ɗora alhakin a kan shawarar tashi cikin mummunan yanayin da aka san da shi, da rashin bin ƙa'idar kuɓuta, ya kuma nuna giɓi a horon da kamfanin ke ba matuƙansa. Sarkin da ya jira sarauta shekara takwas, a jirgin da bai jira hadari ya wuce ba ajalinsa ya same shi.

Tare da shi aka rasa ɗansa Sanata Badamasi Maccido da jikansa guda, da Mataimakin Gwamnan Sakkwato Alhaji Garba Muhammad, da Sanata Sule Yari Gandi, da Abdurrahman, ɗan tsohon shugaban ƙasa Shehu Shagari, da jami'an gwamnati da 'yan kasuwa da matafiya da yawa waɗanda ba a buga sunayensu a manyan kanun labarai ba. Mutum tara suka tsira, uku daga cikinsu 'ya'yan Gwamnan Kogi na lokacin ne, Ibrahim Idris. An kai gawar Sarkin Sakkwato a ranar, ta sauka a filin da ake jiransa tun da hantsi. Dubban jama'a suka yi masa sallah, aka binne shi a Hubbaren Shehu kusa da mahaifinsa. Shugaba Olusegun Obasanjo ya ayyana zaman makoki na kwana uku a faɗin ƙasa. Ranar 2 ga Nuwamba aka sanar da ƙanensa, Muhammadu Sa'ad Abubakar, hafsan soja, a matsayin Sarkin Musulmi na 20, ba tare da tarzoma irin ta 1988 ba.

Abin da ya sauya bayan haɗarin

Musulmi ya yi imani da ƙaddara, mutanen Sakkwato kuma sun karɓi rasuwar Sarkinsu da tawakkali. Amma wannan bai hana a tambayi masu alhaki ba. Nan take gwamnati ta dakatar da lasisin ADC. Cikin kwanaki aka sauya Ministan Sufurin Jiragen Sama Babalola Borishade, aka kawo Femi Fani-Kayode. A watan Nuwamban 2006 Obasanjo ya sa hannu a sabuwar dokar sufurin jiragen sama wadda ta ba hukumar NCAA 'yancin sa ido ba tare da katsalandan ɗin 'yan siyasa ba. Aka ba kamfanoni wa'adin ƙarshen Afrilun 2007 su ƙara jari, Naira miliyan 500 ga masu jigila a cikin gida, waɗanda suka kasa aka hana su tashi, ADC na cikinsu. Daga baya aka girka na'urorin gargaɗin juyin iska a manyan filaye, har da na Abuja. A 2010 hukumar jiragen sama ta Amurka ta ba Nijeriya shaidar cika ƙa'idojin tsaro mataki na ɗaya. Haɗarin jirgin Dana a Legas ranar 3 ga Yunin 2012, wanda ya halaka duk mutum 153 da ke ciki, ya nuna cewa gyaran bai kammala ba.

Darasin bai tsaya a Nijeriya ba. Filayen jiragen yankinmu, irin na Sakkwato da Maraɗi da Damagaram da Agadas da Tamale, su ne ƙofar da sarakuna da ma'aikata da sojoji ke bi, wasunsu kuma da alhazai. Tun 2016 maniyyatan arewacin Ghana ke tashi kai tsaye daga Tamale zuwa Saudiyya. Mutanen Tamale sun ɗanɗani irin abin da Sakkwato ta ɗanɗana ranar 6 ga Agustan 2025, lokacin da jirgin soja mai saukar ungulu da ya tashi daga Accra zuwa Obuasi ya faɗi da mutum takwas, ciki har da Ministan Tsaro Edward Omane Boamah da Ministan Muhalli Ibrahim Murtala Muhammed, ɗan majalisa mai wakiltar Tamale ta Tsakiya. Kwamitin bincike ya danganta wannan haɗari ma da iskar da ta danno jirgin ƙasa farat ɗaya cikin yanayi marar kyau. Na'urar hasashen yanayi mai aiki, da horon matuƙa, da ikon da za a ba ma'aikaci ya ce a dakata ko da wane ne ke cikin jirgi, abubuwa ne da ake tanada tun kafin ranar haɗari.

A Sakkwato, asibitin koyarwa da jami'a suna ɗauke da sunan Shehu Usmanu, filin jirgi yana ɗauke da sunan Abubakar na Uku, a unguwanni kuma akwai makarantu da cibiyoyi masu sunan Sultan Maccido. Dattawan da suka ga tarzomar 1988 har yau sukan ba 'ya'yansu labarin Sarkin Kudu da ya koma gida ya zauna lokacin da gari ke ci da wuta saboda shi. Allah ya jiƙan Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido da duk waɗanda suka rasu tare da shi, ya sa Aljanna ce makomarsu.